Kafin Bututu Ya Shiga

Litinin, biyar na yamma

Yau na jefi bango da tasar ƙarfe a gaban kowa. Duk shekarun da na yi ina aikin sa barci a asibitin nan ban taɓa jifa da ko auduga ba.

Wani magidanci aka kawo ɗakin gaggawa da hantsi, an sare shi a fuska, jini na gangara masa cikin maƙogwaro. Aikina ne, idan mutum ya kasa numfashi da kansa, in yi masa allurar barci da ta sakin jiki, in buɗe bakinsa da ƙarfe mai fitila, in zura bututu a hanyar iska, mu riƙa hura masa. Da zarar allurar ta shiga, numfashinsa ya dawo wuyana. Na yi allurar. Na buɗe baki, ban ga komai ba sai jini. Na ce a miƙo mini abin zuƙa, aka miƙo. Ba ya zuƙa. Ashe tiyon ya fita daga jikin injin, wani ya taka shi cikin turmutsutsun safe, ba wanda ya lura. Kafin a mayar, kafin in ga hanya, zuciyarsa ta tsaya. Dogo, likitan da ke koyon aikin a hannuna, ya danna ƙirji har hannuwansa suka sage.

Takalmin mutumin ƙafa ɗaya yana nan ƙarƙashin gado. Mai shara sai kewaye shi take yi.

Tun da rikicin nan ya ɓarke a gari ban leƙa gida ba. Baban yara ya kwashe su zuwa wurin yayarsa. Inna ta ƙi binsu, ta ce ba inda za ta sai Auta ya dawo. Ƙanena ne, bakanike. Ya fita shekaranjiya wai zai kulle gareji.

Duk saurayin da aka shigo da shi, fuskarsa nake fara dubawa kafin rauninsa. Bai zo ba yau.

Talata, bakwai na safe

Na ciro katin nan da ke rataye a bayan ƙofa. Ni na kawo shi daga wani taro bara, jerin abubuwan da za a duba a faɗa da baki kafin a sa wa mutum bututu. Muka karanta shi na sati guda, muka bari, don kowa a ganinsa ya san aikinsa.

Rediyo ta same ni ina goge masa ƙura. Nas ce, tare muka fara aiki a nan, in ta kira mutum daga ɗakin gaggawa har masu gadin ƙofa sai sun waiwaya.

"Likita, an gama jifan kwanuka, an koma karatu?"

"Ke za ki yi karatun. Allah bai ba ki muryar nan a banza ba."

Likitan tiyata ya leƙa katin ya ce, "Kafin ku kai ƙarshen wannan, mutum ya riga ya tafi." Gaskiya ya faɗa, ya yi tsawo. Muka zauna mu huɗu da alƙalami muka rage shi. Abin da ya saura kaɗan ne. An gyara kwanciyar mara lafiya? An ƙosar da shi da oksijin, kuma da saura a silinda? Ruwa na tafiya a jijiya? Abin zuƙa yana zuƙa, an ji da kunne? Fitila na kamawa? Bututu biyu, an hura balan-balan ɗin kowanne an ga ba ya yoyo? Wace allura, nawa? Wa zai sa, wa zai karɓa in ya kasa? In an kasa sau biyu, sai me? Na ƙarshen shi ne wuƙa, ta tsaga gaban wuya, a buɗe take a kusa.

Muka yi ƙa'ida ɗaya. Ba a amsa da "yana nan". Sai ka taɓa abin da hannunka sannan ka amsa.

Talata, shida na yamma

An ƙona motar haya da mutane a ciki kusa da kasuwa. Warin ya kama gashina, na wanke bai fita ba. Mun sa bututu da yawa yau, ban ƙirga ba. A kan wata mata mai ciki Rediyo ta ce, "Fitila?" Dogo ya buɗe ƙarfen, ta kama ta mutu. Batir. Ya canza tun matar tana numfashi da kanta. Rediyo ta wuce layi na gaba.

Inna ta kira. Bai zo ba.

Laraba, azahar

Harbi tun safe daga wajen gada. Bai zo ba.

Alhamis, huɗu na yamma

Wani tsoho ya shaƙe ni da hannu biyu don na ce masa ɗansa ya rasu. Masu gadi suka ɓamɓare shi. Sai ya zube ƙasa yana ba ni haƙuri. Shatin yatsunsa na nan a wuyana.

Na daka wa Dogo tsawa a gaban ɗalibai don ya amsa "allura" bai faɗi adadi ba. Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta ba. Daga baya na kai masa shayi. Ya karɓa, ya ce, "Likita, ki kwanta ko na awa ɗaya ne, kafin ki cinye mu."

Abin da na lura da shi game da katin: minti ɗayan nan da Rediyo ke karantawa shi ne kaɗai lokacin da ɗakin ke yin shiru. Masu kuka ma sukan saurara. Hannuna yakan daina rawa wajen layi na uku.

Asabar, biyar na yamma

Sun shigo.

Ana cikin aiki da rana tsaka muka ji gilashin ƙofar gaba ya tarwatse. Maza ne, fuskokinsu a naɗe da ƙyalle, biyu da bindiga, sauran da adduna da ƙarafa. Sun ɗauko wani ƙato a kan ƙyauren ƙofa, harsashi ya tafi da rabin haɓarsa. Suka ture wani mai karaya daga kan gado ya faɗi ƙasa, suka shimfiɗa nasu. Ɗaya ya ɗora wa Dogo bakin bindiga a ƙeya.

"In ya mutu, ba mai fita daga ɗakin nan."

Na ce masa zan yi iya yina, su ja baya su ba mu wuri. Mutumin yana ta kakari, kumfar jini na fitowa inda baki yake a da. Rediyo ta ɗaga kati ta fara, muryarta kamar kullum.

"Kwanciya?"

"An ɗaga shi," in ji Dogo.

"Oksijin?"

Wani daga bayanta ya ce, "Karatun me kike yi mutum na mutuwa?" Ta ce, "Ɗana, minti ɗaya." Ta ci gaba. "Abin zuƙa?" Sai ya ɗaga ƙarfen da ke hannunsa ya sauke mata a gefen fuska.

Na ji ƙarar ƙashin. Ta faɗi a kan teburin kayan aiki, komai ya watse. Haƙoranta biyu na gani kusa da ƙafata.

Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Na ce wa mai bindigar, "Kun karya wadda za ta taimaka mini. Yanzu ko ku bar mu mu gama dubawa, ko ku harbe mu ku sa masa bututun da kanku." Ya dube ni, ya dubi nasu, ya sauke bindigar daga kan Dogo. Dogo ya tsinci katin a cikin jini ya ci gaba daga inda ta tsaya. Da ya zo kan wuƙa, babu. Ta faɗi tare da sauran kaya. Na sa aka buɗe wata aka ajiye mini a ƙirjin mutumin.

Na leƙa sau ɗaya, ba hanya, nama ne kawai da gutsattsarin ƙashi. Na sake, babu. Lambar oksijin a allo na ta sauka. Na ajiye ƙarfen na ɗauki wuƙa, na laluba gaban wuyansa da yatsa, na tsaga, na zura ƙaramin bututu. Dogo ya matsa jakar iska, ƙirjin ya tashi.

Likitan tiyata ya shiga da shi. Da suka ji jiniyar sojoji suka fice ta baya suka bar shi.

Asabar, bayan magariba

Na wanke hannuna har ya yi fari. Rediyo na ɗakin tiyata, muƙamuƙinta ya karye gida biyu. Ni na sa mata barci. Dogo ya karanta, na amsa kowane layi.

Lahadi, safe

Ba abin da zan rubuta.

Lahadi, la'asar

Da hannun hagu aka daki Rediyo. Babban yatsan ba farce, injin mota ne ya cinye shi. Ni na ɗinke wa Auta yatsan nan a kan teburin Inna, yana cewa, "Yaya, a hankali, ba taya kike faci ba."

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya san a nan nake aiki. Ya san ko wace ce ita.

Inna ta kira. Na ce, "Bai zo ba, Inna." Ta ce in ci abinci, muryata ta canza.

Talata, sha ɗaya na safe

Allurar sakin jiki ta kusa ƙarewa, motar kaya ta kasa tsallako gada. Muna raba oksijin kamar ruwa a lokacin fari. Dogo ne mai karatu yanzu. Muryarsa ba ta kai ba, sai ya hau kan kujera.

Na je ɗakin da aka kwantar da Rediyo. An ɗaure mata haƙora da waya, fuskarta ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Mijinta na ba ta madara da sirinji ta gefen baki. Da ya fita na zauna. Na fara ba ta labarin ɗakin gaggawa, wa ya zo, wa ya gudu. Ta ɗaga mini hannu. Ta cikin haƙora take magana, sai na sunkuya na ji.

"Na gane shi."

Na ƙara sunkuyawa, ta ci gaba.

"Ranar da ake ruwa, shi ke kai ni gida a babur. Anti yake ce mini."

Na ce, "Na sani."

"Kin faɗa wa wani?"

"A'a."

Ta juya fuskarta bango. Na daɗe a zaune, ba ta juyo ba.

Alhamis, yamma

Ƙaton nan mai rabin haɓa ya farfaɗo. Sojoji biyu a ƙofarsa. Da na shiga duba bututun wuyansa ya kama hannuna ya matse, godiya yake yi. Na tsaya ina kallon ɗan bututun, yadda yatsa ɗaya zai isa a toshe shi. Na gyara masa bandeji na fita na yi amai a bayan janareta.

Asabar, rana

Yau mutum biyu suka mutu mini duk da an bi kowane layi, bututu ya shiga daidai. Jini ne ya ƙare musu. Katin ba ya mayar da jini.

Inna ta ce ta yi mafarkinsa yana ƙarami. Bai zo ba, Inna. Bai zo ba.

Litinin, takwas na safe

Rediyo ta dawo aiki. Babbar sista ta ce ta koma gida, ta ƙi, ta nuna mata gadaje da yatsa. Ba ta iya karatu da haƙora a ɗaure, sai ta karɓi teburin kaya da allurai. Tana gaishe da kowa da ka. Ni tana miƙo mini abin da na nema, ba ta kallon fuskata.

Laraba, shida na yamma

Ya zo.

Mutanen wata unguwa ne suka ritsa shi da abokan tafiyarsa a lungu, suka zuba musu fetur. Direban wata motar bulo ya kwaso biyu da ke da sauran rai, ya sauke su a ƙofarmu ya tafi. Ɗaya ya cika kafin a ɗora shi a gado. Ɗayan, fuskarsa da wuyansa da ƙirjinsa sun ƙone, gashin hancinsa ya babbake, leɓɓansa sun fara kumbura. Ban gane fuskar ba. Muryar na gane, duk da ta dishe.

"Yaya."

Duk wanda ya yi aikin nan ya san ma'anar dishewar nan. Wuta ta shiga ciki, maƙogwaro na kumbura, nan da ɗan lokaci hanyar za ta rufe ruf. Sai an sa bututu yanzu.

Na zagaya wajen kansa na ɗauki ƙarfen. Yana ƙara a hannuna kamar cokali a kofi. Dogo ya dube ni, ya dubi Auta, ya gane. Ya ce a hankali, "Likita, ba ni. Ke ki karanta." Na ce masa ya matsa, na fi shi iyawa. Ya ce, "Kin fi ni. Amma dubi hannunki." Na duba. Na ba shi.

Rediyo na tsaye a wurin teburinta. Ta ji "Yaya" ɗin nan kamar yadda na ji. Na ɗauka za ta fita, kuma da ta fita ba zan ga laifinta ba. Ta sa safar hannu.

Na karanta. Haruffan na rawa amma na san su. Kwanciya. Oksijin, Dogo ya buga silinda ya duba ma'auni. Ruwa a jijiya, a ƙafa aka samu, hannuwan ba wurin sa allura. Abin zuƙa, Rediyo ta tsoma shi a kofin ruwa muka ji ya zuƙe. Fitila. Na ce, "Bututu biyu?" Ta hura balan-balan na farko, ta matsa shi kusa da kunnenta, ta jefar da shi a kwandon shara. Yana yoyo. Ta buɗe wani ta gwada, sannan ta ɗauko ƙarami ta ɗaga wa Dogo ya gani, saboda kumburin.

"Wa zai sa?"

"Ni," in ji Dogo.

"In ka kasa sau biyu?"

"Ke za ki tsaga."

Na buɗe wuƙar. Auta na kallona, idanunsa kaɗai ne ba su ƙone ba. Na ce masa, "Za ka yi barci. Ina nan." Yana ƙoƙarin cewa wani abu, idonsa ya koma kan wadda ke riƙe da sirinji. Ta tura allurar.

Dogo ya leƙa. Ya ce komai ya kumbura, ba ya ganin ƙofar. Ya gwada, bututun ya ƙi. Lamba ta fara sauka. Duk jikina na cewa in fizge ƙarfen daga hannunsa. Na ce, "Fito. A hura masa." Haka muka tsara, haka muka yi. Lambar ta ɗan hau. Na ɗora yatsana a gaban wuyan ƙanena, fatar na saɓulewa, na nemo wurin da zan tsaga, na tsayar da bakin wuƙa a kai. Dogo ya sake leƙawa, Rediyo ta zuƙe masa majina da toka, ta miƙa masa siririyar sandar da ake bi da bututu, sannan ƙaramin bututun.

"Na shiga," in ji shi.

Ban yarda ba sai da na ga ƙirjin ya tashi gefe biyu, na sa kunne na ji, allo ya nuna iskar huhu na fitowa. Sannan na ajiye wuƙar. Na zauna a ƙasa inda nake.

Rediyo ta ɗaure bututun da kyau, ta cire safar hannu, ta wuce gado na gaba.

Alhamis, safe

Na ce wa Inna yana nan, ya ji rauni, ba a shiga ganinsa tukuna. Iyakar abin da na ce ke nan.

Lahadi, azahar

Harbi ya ragu. Motar kaya ta iso. Kumburin na saɓewa.

Talata, uku na rana

Mun cire masa bututu. Ya yi tari, ya ja numfashi da kansa. Likitan tiyata ya ce zai rayu, amma fuskar sai haƙuri.

Wani jami'in tsaro ya zo da mutanensa yana bin gado gado, yana neman waɗanda suka shigo ranar Asabar ɗin nan. Ya fara tambayar Rediyo, tunda ita aka daka. Tana tsaye a ƙofar ɗakin. Ba ta nuna kowa ba, ba ta kuma girgiza kai ba. Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar da na je dubiyarta.

Jami'in ya ce, "Likita, kin ga fuskar wani a cikinsu?"

Na ce ban ga fuska ba, hannu na gani. Na kai shi gadon. Na ce, "Wannan ne ya dake ta. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Auta bai musa ba. Da ƙyar ya ce, "Yaya, ruwa." Na ba shi da cokali, suna sa masa ankwa a ƙafa, don hannuwan duk bandeji ne.

Laraba, bayan la'asar

Na je gida. Inna ta rame, ta share ɗakinsa ta canza zanin gado. Na zaunar da ita na faɗa mata duka, da ƙarfen, da haƙoran, da jami'in, da ƙaryar da na yi ta yi mata a waya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yana numfashi da kansa?"

"Da kansa, Inna."

"Ita fa? Tana iya cin abinci?"

"Sai abu mai ruwa."

Ta tashi ta ɗauki mayafinta. Na ɗauka asibiti za mu. Ta ce, "Shi yana da masu gadinsa. Kai ni wurin yarinyar nan."

Mijin Rediyo ne ya buɗe ƙofa. Ya shiga ya dawo, ya ce Inna ta shigo. Ni bai ce in shigo ba, sai na koma mota na zauna. Titin duk baƙin shatin tayoyi ne, wani mai shago na kwashe gilashi da shebur. Na zauna har rana ta yi sanyi.

Inna ta fito idanunta jajur, ta shiga ta ja ƙofa. Na ce me ta ce.

"Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙe ta ba. Na dama mata madara na ba ta, ta sha." Ta gyara mayafinta. "Ta ce in gaya miki gobe aikin safe gare ku, kada ki makara. Ja mota, yanzu ki kai ni in gan shi."